Jirgin Asibiti Da Rayuwar 'Yan Sa-kai A Bakin Teku

Mai karatu, a wannan makon filin namu zai ɗan huta da siyasa, ya leƙa cikin wani jirgin ruwa da aka mayar asibiti. Sunansa Africa Mercy, mallakar ƙungiyar Kirista ta Mercy Ships, wadda Don Stephens da matarsa Deyon suka kafa a shekarar 1978. Asalinsa jirgin fito ne na ƙasar Denmak, aka gyara shi, ya fara aikin asibiti a 2007 da ɗakunan tiyata biyar da gadajen kwanciya kimanin 80. Bisa gayyatar gwamnatoci, yakan yada zango a tashar ruwa ɗaya har kusan wata goma. Ya zauna a Kwatano da Lome da Konakiri da Firitawun da Dakar, ya kuma yi zaman Duwala ta Kamaru daga 2017 zuwa 2018.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen cikinsa ke rayuwa. Su kusan 400 ne daga ƙasashe da dama, kuma ba duka ne likitoci ba. Akwai masu girki da masu wanki da injiniyoyi da malaman makaranta, domin a cikin jirgin akwai makarantar 'ya'yan ma'aikatan da suka zo da iyalansu. Ba a biyan su albashi. Hasali ma, a da, shekara da shekaru, al'adar ƙungiyar ita ce ɗan sa-kai ya biya kuɗin jirgin sama da ya kawo shi, ya kuma riƙa biyan kuɗin ci da kwana duk wata, galibi daga gudunmawar cocinsu da 'yan uwa.

Zaman kuwa ba na jin daɗi ba ne. Ma'aikaciyar jinya da ta bar gidanta a Holan ko Kanada za ta tsinci kanta a ɗan ƙaramin ɗaki mai gadaje hawa biyu, tare da wasu mata da ba ta taɓa sani ba. Ruwa a ƙayyade yake, an umarci kowa kada wankansa ya wuce minti biyu. Abinci na da lokacinsa, kuma layi ɗaya babban likita da mai shara suke bi. Ana fara yini da addu'a, akwai taron ibada na mako, sannan kowa ya nufi sashensa. Idan tiyata ta buƙaci jini, daga jikin ma'aikatan ake ɗiba, domin su ne rumbun jinin jirgin. Ana iya kiran mai girki daga madafa ya ba da jini, ya koma ya ci gaba da aikinsa.

A ɗakin kwanciya, mai jinya yana shimfiɗa katifarsa a ƙarƙashin gadon maras lafiyarsa. Da la'asar a haura da marasa lafiya saman jirgin su sha iska. Ayyukan da ake yi su ne waɗanda talaka ke ɗauke da su shekaru saboda rashin kuɗi: yanar ido, maƙoƙo, tsagaggen leɓe, ƙari a fuska, lanƙwasar ƙafafun yara, tabon ƙuna da ya ɗaure gaɓa, da yoyon fitsari. Matan da suka warke daga yoyon fitsari akan yi musu biki, a ba su sababbin tufafi, a yi kiɗa da rawa. Duk wannan kyauta ne, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a yi masa aiki. Gini da Senegal, inda Musulmi suka fi rinjaye, sun karɓi jirgin fiye da sau ɗaya.

Na san akwai mai cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙungiyar ba ta ɓoye cewa koyi da Yesu Almasihu ne tushen aikinta ba. Wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin kowace gwamnati ne ta sa ido kada a mayar da gadon asibiti wurin matsa wa mai rauni. Amma wanda ya shekara goma da maƙoƙo a wuya yana da tambayar da ta fi wannan nauyi: a ina sauran masu imani suke, ranar da ya rasa kuɗin tiyata?

Inda nake da ja da irin wannan aiki wani wuri ne daban. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bayan wata goma jirgi ya ɗaga, wanda ciwonsa ya dawo sai ya koma asibitin gwamnati da ya gaza masa tun farko. A 2014, da cutar Ebola ta ɓarke a Afirka ta Yamma, jirgin ya karkata zuwa Madagaska, waɗanda suka sa rai da shi suka ci gaba da jira. Wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya. Jirgi biyu, har da sabon nan Global Mercy da ya fara aiki a Dakar a 2023, ba za su cike wannan giɓi ba. Ita kanta ƙungiyar ta gane haka, shi ya sa take ƙara ba da ƙarfi wajen horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙasashen da take sauka.

Mu kwatanta da asibitin Galmi a jihar Tawa ta Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950. Shi ma 'yan sa-kai daga ƙetare suna zuwa suna komawa, amma asibitin yana nan, da Hausa ake ganin marasa lafiya, kuma ana horar da likitocin tiyata 'yan Afirka a cikinsa. Taimakon da ya yi saiwa ke nan.

Darasin da ya rage namu ne. Aikin gayya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa; da shi kakanninmu suka yi noma, suka yi jinka. Abin da muka rasa shi ne tsari. Muna da ƙwararrun likitoci a Ingila da Amurka da Saudiyya, muna da attajiran da ke zuwa Umara duk shekara, muna da masallatai da coci-coci cike da jama'a. Me zai hana ƙungiyoyinmu na addini su ɗauki asibitin ƙaramar hukuma guda, su tsara wa likitoci mako biyu-biyu na sa-kai a shekara, da masauki da kayan aiki da rijistar bibiyar marasa lafiya? Jami'o'inmu ma za su iya sanya irin wannan hidima cikin ma'aunin ƙarin girma.

Kayan aro ba ya rufe katara. Mu gode wa wanda ya ƙetaro teku ya ba da jininsa, sannan mu tashi mu yi namu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.