SHA'ANIN MOTOCI: Sabon Kuloci, Tsohuwar Roba

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa a garejojin Gashuwa, duk wanda ya saba zama a inuwar makanikai kuwa ya san ta. Direba zai kai motarsa a sa mata sabon kuloci, ya biya kuɗi masu kauri, bayan kwana uku ko huɗu sai ga shi ya komo ransa a ɓace, yana cewa feda ta kwanta ƙasa, giya ta ƙi shiga, mai kuma ya tsiyaye. Shi yana rantsuwa cewa kafin a taɓa motar ko ɗigo ba ta zubarwa. Makanike kuwa yana cewa faifai aka ce ya canja, ya kuwa canja. Abin mamaki, sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗa.

Dalilin da ya sa direbobin wannan yanki suke neman kuloci mai ƙarfi ba ɓoyayye ba ne. Ko da yake layin dogo ya iso Nguru daga Kano tun 1930, kayan ƙasar Bade da na arewacinta a kan mota suke tafiya kafin su kai ga manyan kasuwanni. Har wa yau a-kori-kura ce ke ɗauko kanwa daga wajen Yusufari, ta kwashi shinkafa da bandar kifi daga bakin Kogin Yobe, ta nufi Nguru ko Potiskum ko Gaidam. Da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi. Motar da ta kafe a rairayi da lodi fiye da ƙima, direba yana ta ba ta wuta ƙafarsa rabi a kan feda, faifanta ba ya daɗewa sai ya ƙone. Saboda haka in aka zo canji, mai mota yakan ce a nemo masa wanda ya fi na kamfani ƙarfi, wato mai murfin da sifirinsa ya fi tauri.

To, a nan ne maganar mai take shigowa. Wasu motoci da waya suke jan kuloci, waɗannan ba ruwansu da wannan matsala. Amma irin su Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Toyota Hilux da Land Cruiser, da mai suke aiki, man kuwa shi ne man birki. Idan direba ya taka feda, famfo na sama, wanda makanikai ke kira masta, yana tura mai ta cikin bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa famfo na ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura boris ya danne sifirin murfin, faifai ya saki. Abin da ke tsare man a cikin famfunan nan biyu 'yan robobi ne ƙanana. Gwargwadon taurin sifiri, gwargwadon matsin da za su ɗauka duk lokacin da aka taka. Robar da ta shekara goma tana lallaɓawa da tsohon kuloci, ga zafin watannin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40 ya busar da ita, ga ƙura ta goge ta, sai a wayi gari an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Tsautsayi dai yana barci ne, sabon kuloci ya tashe shi.

Akwai kuma dalili na biyu. Yayin da faifai yake cinyewa, fistan na famfon ƙasa yakan zauna a wuri guda yana kai da komo, sauran ramin kuma ya tara tsatsa da dauɗa. Da an sa sabon faifai mai kauri wurin zamansa ya canja, sai roba ta bi ta kan tsatsar nan ta yage. Na uku kuwa daga hannun mai gyara yake: a bar famfon ƙasa yana reto a jikin tiyo lokacin da aka sauke giyabos, ko yaron gareji ya taka feda alhali famfon yana kwance har fistan ya fito, ko a ɗaura noti a karkace, ko a mai da tsohuwar washar tagulla wadda ta riga ta lotse.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma gano inda mai yake fita ba ya bukatar na'ura. Da farko a wanke wurin duka, a bari ya bushe, a cika kofin mai zuwa layinsa. Mutum ɗaya ya shiga ya taka feda kamar sau 20, sa'an nan ya danne ta, na biyu kuma ya bi hanyar man daga sama zuwa ƙasa da tocila da farin ƙyalle. A fara da kofin da ɗan tiyon da ke ƙarƙashinsa. Kana a leƙa cikin mota bayan feda, domin idan masta ne ya lalace ta nan yakan zubar, kafet ya shanye, direba bai sani ba. Daga nan a duba mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya, a lura da tiyon roba ko yana kumbura lokacin da aka taka. A ƙarshe a ɗaga hular robar da ke bakin famfon ƙasa. Idan akwai danshi a cikinta, an kama ɓarawo. Kada kuma a manta da ɗan notin fitar da iska, wanda sau da yawa rashin ɗaure shi ne kaɗai laifin.

Idan duk waɗannan wurare a bushe suke, amma ana ganin ɗigo a gindin giyabos inda ya haɗu da inji, sai a tantance irin man. Baƙin mai baƙi ne, man giya yana da kauri da wari, man birki kuwa tsinkakke ne kuma yana gauraya da ruwa. Motocin zamani da yawa famfonsu na ƙasa a cikin giyabos yake, haɗe da boris, kuma idan tsayin sabon murfin bai dace da shi ba yakan zarce iyakarsa ya fashe. Irin wannan ba makawa sai an sake sauke giyabos, faifan da ya jiƙe da mai kuma ya tashi daga aiki, domin zai riƙa zamewa ko karkarwa. Idan kuwa feda tana nutsewa a hankali amma mai bai ragu a kofi ba, to robar cikin masta ce take barin mai ya koma baya. Feda mai laushi kamar soso kuma iska ce a cikin bututu, sai a fitar da ita.

Wajibi ne a ja kunnen direbobi game da abin da suke zubawa. A murfin kofi akan rubuta irin man da ya dace, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma digiri 230, amma dukansu suna shan danshin iska, idan suka sha kuwa iyakar takan sauko zuwa 140 da 155, ruwan kuma ya haifar da tsatsa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke ba da shawarar canja shi duk shekara biyu. Baƙin mai ko man sitiyari, ko da cokali ɗaya ne, kumbura robobin yake yi su lalace gaba ɗaya. Ruwan sabulu da wasu suke zubawa idan sun tsaya a daji yana iya kawo mota gari, amma idan aka bar shi ya kwana biyu a ciki sai an sayi famfunan duka. Abu mafi haɗari shi ne, a wasu motoci kofi ɗaya ne yake ciyar da birki da kuloci, don haka wanda ya ga mai yana raguwa ya yi ta ƙari ba tare da bincike ba, yana iya zama birkinsa ne yake yoyo.

Shawara ga mai mota ita ce, ranar da ya yanke shawarar sa kuloci mai ƙarfi, ya lissafa da kuɗin famfon sama da na ƙasa da tiyo da sabon mai, ya sayi na kirki ya guji jabu, domin araha ba ta ado. Makanike kuma hakkinsa ne ya faɗi haka tun kafin ya ɗauki sifana, ko da mai motar zai yi zaton neman ƙari yake. Bayan gyara a yi mako guda ana duba kofi kowace safiya kafin a ɗauki doguwar hanya. Kuɗin waɗannan kaya kaɗan ne idan aka gwada da ladan sake sauke giyabos, balle a ce mota ta tsaya da lodi da fasinjoji tsakar rana a rairayin Yusufari, inda ba inuwa ba ruwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.