TSOHUWAR JARIDA BA TA JIN KUNYA

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa sayen tsire a bakin titin Kujama ko ƙosai a tashar Kafanchan ya san amfanin tsohuwar jarida. To kafin ka dunƙule ta ka yar, daure ka karanta inda mai bai ɓata ba, musamman shafin kasuwanci. Wallahi ya fi fim ɗin barkwanci. Jarida ce kaɗai za ta rantse maka jiya, yau a naɗe nama da ita, ko a jikinta.

Ku tambayi iyayenmu labarin 2007. Bayan Soludo ya ce kowane banki ya tara naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, sai tallar hannun jari ta cika ko'ina. Malamin firamare ya saya, ɗan fansho ya saya, wani ma bashi ya ci a banki don ya sayi hannun jarin bankin da ya ba shi bashin. Kowa ya zama masanin tattalin arziki a teburin mai shayi.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan nan ya rikito zuwa wajen 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A 2011 aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jari suka tashi da takarda mai kyawun zane, sai dai a yi fifita da ita.

Daga nan kowa ya yi wa kasuwar sallar gawa. Amma fa a 2010 Dangote Cement ya shiga a kan naira 135, farkon 2024 ya wuce 600. MTN ya shiga a 2019 a kan naira 90, a 2023 ya wuce 250, ga rabon riba a tsakani. Kenan ranar da aka yi ta guɗa ba a yi daidai ba, ranar da aka yi ta kuka ma ba a yi daidai ba.

Kada wani ya ce min ai haƙuri kawai, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ya danganta da dutsen, malam. Mai Afribank har yau yana hura wuta, ba romo ba labari. Shi kansa ma'aunin sai a Agustan 2023 ya koma inda yake a 2008. Shekara 15 kenan, jaririn da aka haifa ranar guɗar har ya fara tunanin JAMB. A tsakanin nan dala ta tashi daga wajen naira 118 ta haura 700, kun ga ko wanda ya "dawo da uwar kuɗi" buhunan masarar da zai saya sun ragu.

Mu kuma da muke wa iyayenmu dariya fa? Su ko ba komai kamfanin gaske suka saya. Mu MMM ta wanke mu a Disambar 2016, ba mu daddara ba, CBEX ta sake darje mu a Afrilun 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sunan manhaja kawai ake canjawa.

Nawa ra'ayin ke nan: kuɗin rajista da na abinci ba na juyawa ba ne, kada ka taɓa su. Abin da za ka iya mantawa da shi shekara goma, shi za ka saka, kaɗan-kaɗan, a kamfanoni daban-daban da ka san abin da suke sayarwa, ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC. Mai gudun kuɗin ruwa ma yana da ƙofa, akwai Jaiz a kasuwar, akwai sukuk na gwamnatin tarayya tun 2017. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata ɗaya kuwa, ka gaishe shi ka wuce.

In an yi hutu, ku lallaɓi Baba ya buɗe tsohon akwatin nan. Wasu takardun sun mutu, amma wasu kamfanonin suna nan da rai, ribarsu ta taru ba a karɓa ba, fom ne za a cike a banki ta riƙa shiga asusu. Wanda ya dace, kada ya manta da mu a hostal.