Mutuwar Sean Connery ta mayar da masu kallo ga tsofaffin fina-finan James Bond, ta kuma tayar da gardama

Ranar Asabar 31 ga watan Oktoba na 2020 ne iyalan Sean Connery suka bayyana mutuwarsa a gidansa da ke Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas, yana da shekaru 90. Matarsa, Micheline Roquebrune, ta ce ya cika ne cikin barci, bayan ya yi fama da cutar gushewar tunani a shekarunsa na ƙarshe. Rabon da a ga fuskarsa a wani sabon fim tun 2003, amma labarin ya mamaye kafafen yaɗa labarai kamar jiya ya bar fage.

Lokacin da mutuwar ta zo ya taimaka wajen abin da ya biyo baya. Faransa ta shiga dokar kulle karo na biyu saboda korona ranar 30 ga Oktoba, Ingila ta bi sahu ranar 5 ga Nuwamba. Gidajen sinima a rufe, jama'a a gida, sabon fim ɗin Bond mai suna No Time to Die kuma an sake ɗage shi. Sai wasu tashoshin talabijin suka sauya jadawalinsu suka sako fina-finan marigayin, masu faifai a gida suka kakkaɓe musu ƙura. Mutane da yawa sun zauna ne don tunawa da jarumin ƙuruciyarsu, suka tashi da tambayoyin da ba su yi zato ba.

Wane ne Bond na gaske?

Gardama ta farko ita ce tsohuwa, kuma ita ce mai sauƙi. Mutum shida ne suka taka rawar ɗan leƙen asiri mai lamba 007 a jerin fina-finan kamfanin Eon: Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. Connery ya yi shida a wannan jeri, daga Dr. No na 1962 zuwa Diamonds Are Forever na 1971, sannan ya ƙara ɗaya a wajen kamfanin, Never Say Never Again, a 1983. A watan Agustan 2020, gab da cikarsa shekaru 90, mujallar Radio Times ta Birtaniya ta nemi ra'ayin masu karatunta, mutum sama da 14,000 suka amsa, Connery ya zo na ɗaya. Abin da ya ba da mamaki shi ne wanda ya zo na biyu: Dalton, mai fim biyu kacal.

Masu goyon bayan Moore, wanda ya rasu a 2017, suna cewa nasu ya fi raha, kuma shi ya riƙe jerin har fim bakwai daga 1973 zuwa 1985. Na Craig suna cewa shi ne ya fara nuna Bond a matsayin ɗan adam da ke jin ciwo. Amma duka ɓangarorin da ma'aunin Connery suke awo, kuma wannan kaɗai ya kusa raba gardamar.

Abin da mai sake kallo ke gani shi ne mutumin da rigar alfarma ba ta ɓoye ƙarfin jikinsa ba. Wannan yana da tushe. An haifi Connery a 1930 a unguwar talakawa ta Fountainbridge da ke Edinburgh a Sukotlan. Ya yi rabon madara gida-gida, ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 16, aka sallame shi bayan shekara uku saboda gyambon ciki, har gogen akwatunan gawa ya yi don neman abinci. Marubucin littattafan, Ian Fleming, ɗan masu hali ne da ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da farko bai ga Bond ɗinsa a jikin wannan ƙaton ba. Mai ba da umarni Terence Young ne ya kai Connery wajen telansa, ya koya masa zama da tafiya irin na manyan Landan. Daga baya Fleming ya sauko, har ya sa mahaifin Bond ya zama ɗan Sukotlan a littafin da ya fito a 1964, shekarar da shi kansa ya mutu.

Inda kallon ke yin nauyi

Gardama ta biyu ita ce mai zafi, domin ta shafi mata. A Goldfinger na 1964 akwai wurin da Bond ya kayar da Pussy Galore a rumbun ciyawa, tana ture shi yana dannawa, har fim ɗin ya nuna ta sallama kuma ta juya wa maigidanta baya saboda shi. A Thunderball na 1965 ya yi wa wata ma'aikaciyar jinya barazanar kai ƙararta don ya samu biyan buƙata. A lokacin an ɗauki waɗannan a matsayin barkwanci. Bayan yunƙurin MeToo da ya ɓarke a 2017, mai kallo na yau yana da wani suna da yake kiran su da shi.

Masu kare fina-finan suna cewa ɗan wasa ba shi ya rubuta labari ba, kuma ba a auna 1964 da mudun 2020. Rabin farko na wannan hujja da ya tsaya da ƙafafunsa, in ba don Connery da bakinsa ya raunana shi ba. A hirarsa da mujallar Playboy a 1965 ya ce bai ga wani babban laifi ba a mari mace a wasu yanayi. A 1987 ƴar jaridar Amurka Barbara Walters ta ba shi damar janye maganar a talabijin, ya ce bai sauya ra'ayi ba. Matarsa ta farko, Diane Cilento, ta zarge shi da duka a littafin tarihin rayuwarta na 2006. Ya musanta, kuma a wannan shekarar ya fitar da sanarwa cewa babu wani cin zarafin mata da ya halatta. Waɗannan duka suna rubuce, shi ya sa jaridu da dama suka sa su cikin ta'aziyyarsu, abin da ya fusata wasu masoyansa da ke ganin bai dace a tono laifin mamaci tun kafin a gama makoki ba.

Rabi na biyu ma yana da rauni. Ba kowa ne ya yarda da dukan mata a 1965 ba. Da abin ba ya tayar da hankali a lokacin, da ba a yi ta maimaita masa tambayar ba. Abin da ya sauya shi ne yawan waɗanda ake saurara.

Sai batun launin fata. Mugun Dr. No, wanda labarin ya ce ruwa biyu ne na Sin da Jamus, Bature ne ɗan Kanada mai suna Joseph Wiseman ya taka shi da kwalliya. A You Only Live Twice na 1967 an gyara wa Connery ido da gashi wai don ya saje da Japanawa. A Dr. No ɗin dai, Quarrel, baƙar fata masunci da ke taimaka wa Bond, an nuna shi mai tsoron dodo, kuma akwai inda Bond ya aike shi ɗauko masa takalmi. An ɗauki fim ɗin a Jamaika a farkon 1962 tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, aka fara nuna shi ranar 5 ga Oktoba, wata biyu bayan ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 6 ga Agusta. Wato ya fito yana nuna gidan gwamnan mulkin mallaka da kulob ɗin Turawa a ƙasar da ta riga ta sauke tutarsu.

Daula na rushewa, jarumi na tashi

Wannan ne ɓangaren da masu sharhi suka fi tsayawa a kai, kuma shi ya fi ba da ma'ana. Bond ya yi tashe daidai lokacin da Birtaniya ke rasa duniya. A 1956 Amurka ta tilasta mata janyewa daga mashigin Suwez tare da Faransa. Gana ta fita daga hannunta a 1957, Najeriya a 1960, Kenya a 1963. Hukumar leƙen asirinta ta MI6 kuwa tana cikin kunya: a Janairun 1963 tsohon babban jami'inta Kim Philby ya tsere zuwa Mosko, bayan ya shafe shekaru yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki a ɓoye. A wannan shekarar ce From Russia with Love ya fito. A allo, ɗan Birtaniya ne ke ceton duniya, jami'in CIA Felix Leiter kuma mataimaki ne kawai. A zahiri abin akasin haka yake.

Masu shirya fina-finan, Albert Broccoli da Harry Saltzman, sun yi wata dabara ta kasuwa. A littattafan farko abokan gabar Bond jami'an Sobiyet ne, amma a fim aka fi jingina mugunta ga ƙungiyar ƴan ta'adda ta ƙage mai suna SPECTRE, wadda ba ta da ƙasa. Hakan ya sa kayan ya sayu ko'ina. Dr. No da aka kashe wa kusan dala miliyan 1 ya buɗe jerin da ya kai fim 24 a 2020, lokacin da na 25 ke jiran fitowa.

Tun a wancan zamani akwai masu adawa daga cikin gida. John le Carré, wanda ya yi aiki a MI5 da MI6, ya fitar da The Spy Who Came in from the Cold a 1963, aka mai da shi fim a 1965. Ƴan leƙen asirinsa gajiyayyu ne, maƙaryata, waɗanda shugabanninsu ke sayarwa. Ya sha cewa Bond ya fi kama da ɗan daba na ƙasa da ƙasa. Wani abin lura, Connery kansa ya fito a fim ɗin littafin le Carré, The Russia House, a 1990, kuma wasu masu sake kallo suna ganin ya fi nuna gwanintarsa a can. Kyautar Oscar ɗaya tilo da ya ci ma ba ta Bond ba ce, ta The Untouchables ce a 1988. A 2016 shugaban MI6 na lokacin, Alex Younger, ya faɗa a fili cewa mai hali irin na Bond ba zai tsallake tantancewar ɗaukar aiki a hukumar ba.

Nijar ta taɓa ɗanɗana bambancin da ke tsakanin leƙen asirin fim da na gaske. A Janairun 2003 shugaban Amurka George Bush ya shaida wa majalisa cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini ya nemi yuraniyom a Afirka, ana nufin Nijar. Tsohon jakada Joseph Wilson, wanda CIA ta turo Yamai a Fabrairun 2002, ya riga ya ba da rahoto cewa da wuya cinikin ya faru. A Maris na 2003 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce takardun da aka kawo mata na jabu ne. Hakan bai hana mamaye Iraƙi a wannan watan ba. Babu mota mai bindiga a wannan labari, takardun bogi ne da ƴan siyasa masu son a yarda da su.

A goge, a gargaɗa, ko a bari?

Tambayar da gardamar ke nufa ita ce me za a yi da waɗannan fina-finai. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, kamfanin HBO Max ya janye Gone with the Wind na 1939, sannan ya dawo da shi da gabatarwa mai bayanin yadda ya ƙawata bauta. Disney ya ƙarfafa gargaɗin da yake sawa a wasu tsofaffin fina-finansa a Oktoba. Faransawa sun bi wata hanyar: ɗan leƙen asirinsu OSS 117, wanda Jean Bruce ya ƙirƙira a 1949, shekara huɗu kafin littafin Bond na farko, sun mai da shi abin dariya tun 2006, inda Jean Dujardin ke taka wawan jami'i mai raina mata da baƙi. Kashi na uku, wanda labarinsa ke faruwa a Afirka, ya fito a 2021.

Yanke wuraren da ke da muni shi ne mafi rashin amfani cikin zaɓuɓɓukan, domin zai bar Bond mai tsabta wanda bai taɓa wanzuwa ba, ya kuma ɓatar da shaidar abin da miliyoyin mutane suka biya kuɗi suka yi wa tafi. Nuna fim ɗin yadda yake tare da bayani ya fi gaskiya, ko da masoya na ganin raini ne a gare su.

Ga masu jerin kuwa, batun na aljihu ne. No Time to Die, na ƙarshe da Craig ya yi, ya ci kimanin dala miliyan 250. An ɗage shi daga Afrilu zuwa Nuwamban 2020, sannan zuwa Afrilun 2021. A Oktoban 2020 jaridun Amurka sun ruwaito cewa an tattauna sayar da shi ga Apple ko Netflix, kamfanin MGM ya ce fim ɗin ba na sayarwa ba ne. Barbara Broccoli, ɗiyar Albert da ke riƙe da jerin a lokacin tare da ɗan uwanta Michael Wilson, ta ce Bond na gaba zai iya zama kowane launi amma namiji ne. A farkon Nuwamban 2020 Lashana Lynch, baƙar fata ƴar Landan mai asali da Jamaika, ta tabbatar cewa a sabon fim ɗin ita ce ke riƙe da lambar 007 bayan Bond ya yi murabus. Ta ce zagin da ta sha lokacin da labarin ya fara fita ya sa ta ƙaurace wa shafukan sada zumunta na mako guda.