HAƘƘIN DA KOTU BA TA SAURARA, WANE IRIN HAƘƘI NE?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyare 16 na Tsarin Mulkin 1999. A cikinsu akwai wanda ya ƙara sashe na 16A, wanda ya ɗora wa gwamnati ta fuskantar da manufofinta wajen wadata al'umma da abinci. Aka yi ta shela wai talaka ya sami haƙƙin abinci. Mu kuwa muna cewa an ba shi rumbu ne, aka riƙe mabuɗi.

Ga hujjarmu. An ajiye wannan sashe a Babi na Biyu, babin manufofin gwamnati. Sashe na 6(6)(c) kuwa ya hana kotuna bincika ko gwamnati ta cika abin da ke cikin wannan babi ko ba ta cika ba. A nan ne kuma sashe na 14(2)(b) yake, wanda ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ashe ke nan abinci da tsaro duka biyu an rubuta su a inda alƙali ba ya kaiwa.

To, a tambayi manomin Faskari, ko Sabuwa, ko Dandume, wanda 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa ta masara da dawa, ko suka tilasta masa biyan kuɗi kafin ya girbe abin da ya noma: wace kotu zai je? A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi. Gaskiya ne sashe na 33 a Babi na Huɗu ya kare rai, amma wajibin tsare wannan rai an kai shi babin da ba a tuhumar kowa a kansa.

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a wasiƙarsa ga Abu Musa Al-Ash'ari game da alƙalanci, ya nuna cewa furta gaskiya ba ya amfani matuƙar ba a zartar da ita ba. Wannan ita ce illar da muke magana a kai.

Masu kāre wannan tsari suna cewa idan aka buɗe ƙofa, ƙararraki za su cika kotuna, kuma gwamnati ba ta da kuɗi. Muna amsa musu da cewa Afirka ta Kudu ta sanya abinci da ruwa a sashe na 27 na tsarin mulkinta na 1996, ana kai ƙara a kan irin waɗannan haƙƙoƙi, ƙasar ba ta rushe ba. Indiya ta kafa dokar wadata abinci a 2013 bayan shari'ar da aka fara a Kotun Ƙolinta a 2001. Kuma 'yan majalisarmu da suka iya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 a 2018, suka iya ba jihohi iko a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa a 2023, me ya gagare su a nan in ba rashin niyya ba?

Hanya a fili take. Sashe na 9 ya ce taɓa Babi na Huɗu sai da kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisa ta tarayya. Amma gyara sashe na 6(6)(c) kashi biyu cikin uku yake bukata, tare da amincewar majalisun jihohi 24. Saboda haka muna kira ga sanatan shiyyar Funtuwa, da wakilanmu a Abuja da Majalisar Dokokin Katsina, su nemi a cire sashe na 14(2)(b) da na 16A daga wannan shinge. Limamai su bayyana wa jama'a wannan mas'ala, kungiyoyin manoma su rubuta takardarsu su kai duk zaman jin ra'ayin jama'a. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, a fara yi masa wannan tambaya kafin a karɓi buhun takinsa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.