Raddi ga Masu Cewa Baiko Jari ne

Daga cikin koyarwar da ke iske Kiristocin Sakkwato ta talabijin da wayar hannu akwai mai cewa kuɗin da aka kai coci iri ne, wanda Allah ya wajabta wa kansa mayarwa riɓi ɗari. Masu wannan ra'ayi sun dogara da hujjoji uku.

Ta farko ita ce Malakai 3:10, inda aka haɗa kawo zakka da alkawarin albarka. Amma annabin yana magana ne da manoman Yahuza bayan dawowarsu daga bautar Babila, game da hatsin da ake ciyar da Lawiyawa, waɗanda ba su da gādon ƙasa. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 kuma ta ware zakkar shekara ta uku domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye. Ke nan gwauruwa tana cikin masu cin zakka, ba wadda za a tsorata da la'ana don ta biya ba.

Ta biyu ita ce misalin mai shuka. Amsar gajera ce: a Markus 4:14 Yesu da kansa ya ce irin Maganar Allah ce. Suna iya cewa Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka a 2 Korintiyawa 9. Haka ne, sai dai gudummawar ta matalautan Urushalima ce, ya hana a bayar bisa tilas, girbin da ya ambata kuwa yalwa ce domin a ƙara taimakon wasu.

Ta uku, wadda ta fi ciwo, ita ce wai talauci alamar raunin bangaskiya ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kusan kashi 91 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna fama da talauci ta fuskoki da dama. Wannan matsi bai bambance Musulmi da Kirista ba, kuma tushensa rashin tsaro ne da tsadar abinci da ƙarancin makarantu da asibitoci. Ɗora laifin a kan bangaskiyar ƙaramin ma'aikaci ko mai shago a Tsohuwar Kasuwa zalunci ne. Bulus ya ci da guminsa ta ɗinkin tanti, kuma ya san yunwa. Bitrus ya tsawata wa Saminu mai sihiri da ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar shi ne amana: dukiya ta Allah ce, mutum wakili ne. Ciyar da iyali na cikinta bisa 1 Timoti 5:8, haka biyan bashi da hakkin ɗan ƙwadago. Amanar ta hau kan shugabanni ma. Ko a Babban Cocin Holy Family, cibiyar diyosis ɗin da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011, ko a ikilisiyar ECWA ko Angalikan, mai baiko yana da hakkin jin yadda aka kashe kuɗin.