Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Allo Da Na Islamiyya Na Ƙasar Ikara, Maƙarfi Da Kudan



Allah ya gafarta malamai. Gaisuwa irin ta almajiri ga malamansa, tun daga alarammomin da ke zaune da gardawa da ƙolawa a zaure, har zuwa malamai mata da ke fama da azuzuwan Islamiyya na yamma. Bayan gaisuwa, magana ce nake tafe da ita a kan yaran da ke gabanku, musamman waɗanda suka fara tasawa, da abin da ke cin ransu a ɓoye.

Ku na dosa da maganar domin babu wanda ya kai ku zama da su. Uba ya yi sammako gonar rake ko fadamar tumatir, wani ma ya tafi ci-rani kudu sai faɗuwar ruwa. Uwa na da ƙanana a hannu. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai an tari mota zuwa Asibitin Koyarwa na Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna, kuma yawanci kafin a kai yaro can abu ya riga ya yi nisa. Ku ne ke ganinsa da asuba, ku gan shi da la'asar, kun san muryarsa in yana biya karatu, har kukan gane ranar da ta canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori sun riga sun soma kafin mutum ya wuce shekara 14. Shekarun da yaro ke hannunku ke nan.

Yankinmu bai sha irin wuyar da Birnin Gwari da Giwa suka sha ba, alhamdu lillahi, amma mu ma abin ya taɓa mu. A farkon Satumba 2023 'yan bindiga suka buɗe wa masallata wuta a Saya-Saya, nan cikin ƙaramar hukumar Ikara, ana sallar isha'i. A Maris 2024 aka kwashi 'yan makaranta a Kuriga, labarin ya shiga kowane gida ta rediyo da waya. Manya sun yi jana'iza, sun yi zaman makoki, an shafa fatiha an watse. Yaran da suka ji harbin, ko suka ga an shigo da gawa, ko suka kalli bidiyon a wayar yayansu, wa ya zauna da su? Washegari allo suka ɗauka suka zo wurinku. Ga kuma tsadar abinci, ga mutuwar auren iyaye, ga wanda ya gama sakandare yana wuni a majalisa babu aikin fari bare na baƙi.

Akwai wani bincike da nake so ku sani, domin ya shafi aikinku kai tsaye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an samu yara Yahudawa kimanin dubu biyu a ƙasar Holan waɗanda 'yan Nazi suka kashe iyayensu. Wasu an ɓoye su a gidajen da ba nasu ba na tsawon shekaru, wasu sun dawo daga sansanonin mutuwa. Wani likita, Hans Keilson, wanda shi ma aka kashe iyayensa a Auschwitz, ya bi diddigin 204 daga cikinsu har suka zama manya, ya wallafa abin da ya gano a 1979. Yaron da ya ga bala'i mafi muni lokacin yaƙi, amma bayan yaƙin ya faɗa hannun mutanen da suka riƙe shi da kirki, suka saurare shi, ba a yi ta yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan ba, ya fi samun lafiyar zuciya a girmansa a kan wanda wahalarsa ta yaƙi ba ta kai haka ba, amma aka yi masa riƙon sakainar kashi daga baya.

Na san a yau ambaton Yahudawa kan tuna wa da yawanmu Gaza da yaranta, ni ma tana tuna mini. To, maraya maraya ne, kuma darasin ya hau kan yaran Gaza kamar yadda ya hau kan na Saya-Saya. Abin da ya faru ya faru, babu malamin da zai mayar da shi. Amma watanni da shekarun da suka biyo baya su suka fi yanke hukunci a kan irin mutumin da yaron zai zama, su kuwa a zaurenku yake yin su.

Yaro ba zai zo ya durƙusa ya ce "Malam, ina cikin damuwa" ba, kunyar da muka tarbiyyantar da shi a kanta ba za ta bar shi ba. Jikinsa ne zai faɗa muku. Ku duba wanda a da kafin tawada ta bushe ya riga ya haddace, yanzu mako guda yana kan aya uku. Allo na kan cinyarsa, baki na motsi, ido na kan ƙofa. Babur ya wuce da ƙara, sai ya zabura har ya ture 'yar kwalbar tawada. Da safe gardi ya kawo ƙara cewa ya koma fitsarin kwance, yaro ɗan shekara goma sha uku. Ku duba yarinyar da ta saba rigan kowa ɗaga hannu, ta koma can ƙarshen tabarma ta ja hijabi ta rufe rabin fuska; kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, an je kemis an sha maganin zazzaɓi da na taifot, shiru. Wani kuma faɗa zai tsira, kowa ya taɓa shi sai dambe, a ce ya zama fitinanne.

A nan nake roƙonku ku jingine dorina tukuna. Zuciyar da ke cikin firgici ba ta riƙe karatu, domin jikin gaba ɗaya a shirye yake ya gudu. Bulala kuwa tsoro take ƙarawa a kan tsoro, sai hadda ta ƙara zubewa, ku kuma ku ƙara duka. Maimakon haka, ku ce ya riƙo muku buta zuwa masallaci, ko ya raka ku gona ranar Alhamis. Yaro ya fi sakin baki in ana tafe ana hira a kan in an gurfanar da shi a gaban sa'o'insa. Ku tambaye shi barcinsa, ku tambaye shi gida. In ya yi shiru ku bar shi, gobe ma rana ce. In ya fara magana kada ku tare shi da wa'azi, ku bari ya kai aya. Abin da ya faɗa muku amana ce, kada ya ji ta a bakin gardawa. Sai fa in rayuwarsa na cikin haɗari ko wani na cutar da shi. Nan kam ku gaya masa a fili cewa dole ku nemi wanda zai taimaka.

Na san amsar da ke kusa da bakinmu duka: ka yi haƙuri, ka yi tawakkali. Gaskiya ce, kuma babu abin da ya kai imani riƙe zuciya a ranar musiba. Inda nake jin ciwo shi ne in aka mai da haƙuri hanyar rufe wa yaro baki, har a ce masa kukansa raunin imani ne. Ku kuka karantar da mu cewa Annabi Yaƙuba, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, bai kuwa fita daga sahun masu haƙuri ba. Ku kuka karantar da mu cewa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Akwai ma ƙaramin yaron nan Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da tsuntsun wasansa ya mutu: Manzo ya lura da fuskarsa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ga abin ya yi ƙanƙanta ba. In an tsaya wa yaro a kan tsuntsu, ina ga wanda ya rasa uba?

Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da na rai, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, wanda nasiha da lallashi ke warkarwa, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili ya hana shi jin daɗin komai, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana bukatar magani.

Wannan rabe-raben shi zai taimake ku a batun iska da aljanu. Ba na ce ku bar ruƙiyya ko tofi ko rubutun sha ba. Iyaye wurinku za su fara zuwa, kuma addu'arku na kwantar da hankalin gida. Roƙona shi ne ku san iyakar da za ku ce "a haɗa da asibiti". Yaron da ke faɗuwa yana kakkafewa yana kumfa, a duba farfaɗiya, tana da magani mai araha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Saurayin da ya kwana uku bai runtsa ba, yana surutai, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a shafe wata shida ana turare kafin a kai shi Shika. In kalmar ta fito daga bakin malam, uba zai yarda. In daga bakin ma'aikacin lafiya ta fito, sai ya ce 'yan boko ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, likita na ba da magani, masu maganin gargajiya na ba da tasu gudummawar. Duniya ta yaba da tsarin, kuma a ƙasar nan aka haife shi.

Mari kam babu shi a cikin magani. Mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa a Satumba 2019, mutane sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake gani a Daura. Sunan makarantar allo aka ɓata da wannan, ku ne kuma kuka fi kowa haƙƙin ƙin sa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan larura haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Yawancin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje shaye-shaye ne ya kai su. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tiramol da sholisho ba su tafi ko'ina ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, sau da yawa yaro ya fara sha ne don ya iya aikin lebura a gonar rake, ko don ya samu barci, ko don ya manta wani abu. In kun kore shi daga makaranta, kun miƙa shi ga majalisar da ta koya masa.

Akwai maganar da muke tsoron furtawa. In yaro ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce gara ya mutu kowa ya huta, kada ku ɗauke ta shirme, kada kuma ku tsaya a kan cewa haramun ne. Ya san haramun ne. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira iyaye, a tafi asibiti ranar. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi a bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado. Ku faɗa a huɗuba da wurin tafsiri cewa a kulle shi. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan ƙwari mafiya dafi, yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi, domin ƙuncin irin wannan sa'a yakan wuce in abin bai kusa da hannu.

Juriya kuwa makarantarku ta riga ta san yadda ake gina ta, in dai kun lura kuna yi da niyya. Lokacin karatu da ba ya canzawa yana kwantar da hankalin yaron da komai na rayuwarsa ya birkice. Ku ba wanda ya yi sanyi wani aiki: ya biya wa ƙanana, ya riƙe makullin aji, ya kira salla. Wanda ake jira gobe da safe yana da dalilin tashi. Ku bar su su buga ƙwallo ranar hutu, ku haɗa maraya da aboki mai hankali. Almajirin da aka kawo daga nesa, ku ara masa waya ya ji muryar uwarsa ko sau ɗaya a wata, ku kuma san inda ya ci da inda ya kwana.

Malamai mata, naku nauyin ya fi, domin abin da yarinya ta gamu da shi a wurin talla, ko auren da ake shirya mata ba ta so, ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. In ɗaya ta faɗi a aji saura suka fara bin ta, ku fitar da ita wuri mai iska, ku raba taron, ku sassauta murya. Ihu da cincirindo su ke yaɗa abin. Bayan ta farfaɗo da kwana biyu, ku zauna da ita ku kaɗai.

Ku ma mutane ne. Malami na ɗauke da yara sittin a kan kuɗin Laraba da bai taka kara ya karya ba, ga nasa iyalin, ga nasa rashin. Wanda ransa ke a ƙuntace hannunsa ya fi saurin kai wa bulala. Ku samu ɗan'uwa malami da za ku riƙa faɗa wa juna abin da ya dame ku. Sannan ina ba da shawara ƙungiyoyinku na Ikara, Maƙarfi da Kudan su gayyaci ma'aikatan lafiya, ko daga Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi ko daga sashen ƙwaƙwalwa na Shika, a zauna wuni guda, su nuna muku alamomin da ke bukatar gaggawa, ku kuma ku nuna musu yadda ake magana da iyayen yaranmu. Kafin a tashi, kowane malami ya karɓi lambar wayar ma'aikaci ɗaya da zai iya kira ko da tsakar dare.




Almajirinku, daga Saulawa.