Kada Mu Fake Da Rabo

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'armu, wadda ake furtawa da sigar tawakkali alhali kuwa gudun nauyi ne, wato idan yaro ya bar makaranta ya kama tuƙin Keke Napep, ko yarinya ta ƙare da farantin talla a ka, sai a ce ai ba su da rabon boko. Mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa wannan imani yana sauke wa al'umma wajibcin riƙon sababi ba.

A dubi Fadikpe, unguwar da ke cikin Minna, garin da hedikwatar NECO take, inda kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983. Yaron da mahaifinsa ke dako a Kasuwar Kure, wanda ke shiga aji da yunwa, ya komo gida babu mai duba masa littafi domin babu wanda ya iya karanta shi, shi ne za a zaunar gaban kwamfuta ranar jarrabawar JAMB, hannunsa na rawa bisa linzamin da bai saba riƙewa ba, a auna shi da ɗan ma'aikacin da ake biya wa darasin yamma tun yana firamare. In sakamako ya fito, a kira wannan daƙiƙi, wancan haziƙi. Wallahi wannan hukunci zalunci ne.

Haka zaɓen sana'a yake. Aji guda na makarantar sakandaren Bida, wanda ya kammala a 1962, shi ya fitar da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da wasu manyan hafsoshi. Ƙwazonsu ba abin musu ba ne, amma ƙofar soja ce aka buɗe wa samarin Arewa a wancan zamani, ita suka shiga. Yaya yaron da bai taɓa zama da injiniya ba zai yi burin zama injiniya?

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Ya ku hukumomin Jihar Neja, da attajirai, da limaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a, wannan hakki amana ce a wuyanku, ku sauke ta ga 'ya'yan Fadikpe kafin ku ce ba su da rabo.